Tambayoyin Masu Karatu: Gas ɗin AC ba ya ƙarewa, zurarewa yake yi

Assalamu alaikum. Tun da hazo ya yaye, zafin Kano ya fara nuna halinsa, saƙonnin da ke shigo mini kusan duk a kan AC suke. Na ware guda huɗu a wannan fitowar saboda tushensu ɗaya ne, ko da yake masu su ba su san juna ba. Duk suna komawa ne ga abin da aka yi, ko aka ƙi yi, ranar da aka ɗaura na'urar. Na haura shekara ashirin a wannan sana'a, tun ina yaron shago mai riƙe tsani, kuma babu abin da ya kai wannan yi mini ciwo a cikinta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Bara kafin azumi na sayi sabuwar AC a kwali, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, aka ɗaura mini a falo. Ta yi wata biyar tana sanyi sosai, daga nan sanyin ya fara ja da baya, har na ga ƙanƙara ta kama ƙaramin fayif ɗin da ke waje. Mai gyara ya ce gas ya ƙare, ya ƙara, na biya. Bayan wata uku ya sake cewa gas ya ƙare. Wai duk wata nawa ake ƙara wa AC gas? Daga wani magidanci a Hotoro.

AMSA: Alhaji, barka kadai, Allah ya mayar da alheri. Ba a ƙara wa lafiyayyar AC gas, ba duk wata uku ba, ba duk shekara ba. Gas ɗinta ba fetur ba ne da inji ke ƙonawa. Zagaye yake yi a cikin rufaffen fayif, ya ɗebi zafin falonka ya kai waje, ya dawo ya sake ɗiba. Firij ɗin gidanka shekara nawa yana aiki ba a taɓa ƙara masa komai ba? To ita ma haka take. Duk ranar da ka ji an ce gas ya ƙare, akwai kafar da ya bi ya fita, kuma muddin ba a toshe ta ba, ɗiban ruwa da kwando kake yi.

Ƙanƙarar da ka gani alama ce ta raguwar gas. Ga wani abu da za ka duba da kanka yau ɗin nan. Ka zaga wajen na'urar waje, inda fayif biyu suka haɗu da ita, za ka ga noti biyu na tagulla. Gas yana tafiya ne tare da ɗan man kwamfureso, wato injin da ke tura gas ɗin, don haka duk inda ya fita sai ya bar maiƙo, ƙurar Kano kuwa ba ta ganin maiƙo ta wuce. In ka tarar wani notin ya yi baƙi da ƙura mai danƙo alhali ɗan'uwansa a bushe yake, ka kama ɓarawonka. In duka biyun tas suke, akwai wasu mahaɗan biyu a bayan na'urar cikin ɗaki, a naɗe cikin soso, sai mai gyara ya kwance ya duba.

Waɗannan mahaɗai huɗu su ne inda sabuwar AC ta fi yin yoyo, domin su ne ba kamfani ya haɗa ba. Mai ɗaurawa ne ke buɗa bakin fayif ɗin jan ƙarfe da hannunsa, ya mayar da shi kamar bakin algaita, sannan ya matse shi da noti. In da zarto aka yanke fayif ɗin, ko ba a kankare kaifin bakin ba, ko bakin ya karkace, zai yi yoyo. In ɗaurin ya yi sako-sako, yoyo. In kuma aka ɗaure da ƙarfin tuwo har bakin ya tsage, nan ma yoyo ne, kuma irin wannan ne ke ɓuya wata huɗu ko biyar, sai girgizar inji da zafin rana da sanyin dare sun gama buɗa tsagar sannan ya fito fili. Shi ya sa kamfanoni ke rubuta iya ƙarfin ɗaurin a littafin na'ura: wajen 14 zuwa 18 a ma'aunin Nm ga fayif mai kwatar inci, 34 zuwa 42 ga mai uku bisa takwas, 49 zuwa 61 ga mai rabin inci. Akwai sufana mai awon wannan ƙarfi, tana yin ƙas in an kai. Kaɗan ne cikinmu suka mallake ta.

Yanzu ni ma bari in tambaye ka. Ranar da aka ɗaura ta, ka ga an zo da tukunyar naitirojin, iskar da ake gwada yoyo da ita? Ka ji ƙarar wani ɗan inji yana aiki a gindin na'urar waje na rabin awa ko fiye? Ina jin ba ka gani ba, ba ka ji ba. Abin da aka saba yi a garin nan shi ne a haɗa fayif, a ɗan buɗe bawul, a bar gas ya yi fusss na 'yan daƙiƙoƙi wai ya koro iskar da ke ciki, a ɗaure, a kunna. Sanyi ya fito, maigida ya yi murna, a karɓi kuɗi. Ni ma haka aka koya mini a zamanin gas ɗin R22, kuma ba na ganin laifin iyayen gidanmu, iya abin da suka sani ke nan, ga shi man kwamfureson wancan lokacin yana da haƙuri. Na'urorin yanzu masu gas ɗin R410A da R32 ba su da wannan haƙurin. Matsinsu ya fi na R22 da fiye da rabi, man da ke cikinsu kuma yana shan danshi kamar yadda gishiri ke yi da damina. In danshin ya haɗu da man sai ya zama asid, ya riƙa cin rufin wayoyin kwamfureso a hankali har ranar da zai ƙone. Ragowar ruwan yana iya daskarewa a siririn fayif ɗin da gas ke bi ya toshe hanya. Iskar da ta maƙale a ciki kuwa ba ta komawa ruwa kamar gas, sai ta tare wuri ta ɗaga matsi, kwamfureso ya riƙa aiki da nishi yana shan wuta fiye da ƙima. Wanda ke kan Band A, tun da aka ɗaga kuɗin wuta a Afrilun 2024, ya san abin da wannan ke nufi a mitarsa.

Aikin gaskiya hawa uku ne, kuma ba a tsallake ɗaya ko a sauya musu jeri. Gas ɗin sabuwar AC yana kulle ne a cikin na'urar waje, ba a sakinsa sai a ƙarshe. Da farko a cika fayif da na'urar ciki da busasshen naitirojin, a matse shi sosai, a bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu a ga ko za ta yi kumfa, a kuma zuba wa geji, wato agogon awon matsi, ido ko allura za ta sauka. In babu yoyo, a saki naitirojin ɗin, a haɗa injin zuƙe iska, wanda muke kira bakiyum, ya tsotse iska da danshi ƙarƙaf. Sai an tabbatar cikin ya bushe sannan a buɗe bawul biyun a saki gas. A ƙaramar AC irin taka duka wannan bai fi ƙarin awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba.

Abin yi yanzu: kada ka yarda a sake ƙara gas. Ka nemo mai gyaran da ke da naitirojin da injin bakiyum da sikeli. Ya kwashe ragowar gas ɗin, ya nemo yoyon, ya yanke bakin da ya lalace ya sake buɗa sabo, ya yi gwajin matsi, ya yi bakiyum, sannan ya zuba gas da awo. A jikin na'urar waje akwai takarda da aka rubuta irin gas ɗin da giram nawa take ci. Wannan adadin za a auna a sikeli, ba a taɓa fayif da hannu a ce ya ji ba. Zai fi ƙarin gas tsada, amma sau ɗaya za ka biya.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Shekarata biyu ina koyon gyaran AC da firij. Ogana yana yin bakiyum, amma da tsohon kwamfureson firij yake yi, kuma da zarar allurar geji ta sauka kan 30 sai ya ce ya isa. Ya kan ce in aka kashe inji allurar ba ta motsa ba, to babu yoyo, ba sai an sayi naitirojin ba. Ni kuma na ga ana maganar maikiron 500. Wane ne da gaskiya? Daga wani ɗan koyo a Fagge.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama lafiya. Kafin komai, ogan naka ya fi da yawa, tunda har yana yin bakiyum. Ka riƙe girmansa, kada ka gyara masa a gaban mai aiki. Amma tunda ilimi ka nema, ga shi.

Bakiyum ba gwajin yoyo ba ne. Komai ƙarfin injin, iyakar bambancin matsin da zai kawo tsakanin cikin fayif da waje shi ne nauyin iskar duniya, abin da bai kai 15 ba a ma'aunin matsi na psi. AC mai R410A kuwa da tsakar ranar Afrilu a Kano, ana zafin da ya haura digiri 40, ɓangarenta mai matsi yana wuce psi 400. Ta yaya 15 zai shaidi abin da zai ɗauki 400? Bayan haka, bakiyum ciki yake ja, gas kuwa waje yake turawa. Na sha ganin bakin fayif da bakiyum ya janyo ya manne ya rufe yoyon, ana sakin gas ya buɗe. In kuma yoyon na nan a buɗe, to iskar waje da danshinta kake zuƙowa cikin fayif ɗin da kake son busarwa.

Ga yadda nake yin gwajin naitirojin. Tukunyar tana zuwa da matsin da ya haura psi 2,000, saboda haka ba a taɓa haɗa ta kai tsaye sai da regileta mai rage matsi. Bawul biyun na'urar waje a rufe. Ina hawa ne sannu a hankali: in tsaya a wajen psi 70 in saurara, domin babban yoyo kunne ma yana jin sa, in hau wajen 200 in bi mahaɗai da ruwan sabulu, sannan in kai inda littafin na'urar ya ce. Manyan kamfanoni da dama suna ba da wajen psi 550 zuwa 600 ga na'urorin R410A, amma kada ka wuce abin da aka rubuta a jikin wadda ke gabanka, kuma tsohuwar na'urar R22 ba a kai ta nan. Ƙaramin yoyo ba ya yin kumfa nan take, sai ka jira minti biyu ko uku ka ga wani farin abu kamar yawu yana taruwa a gindin noti. In ka gama, ka goge sabulun. Ƙaramar AC ina barin ta a matse aƙalla rabin awa zuwa awa guda. Babban aiki mai dogon fayif, irin na otal ko asibiti, kwana yake yi, awa 24.

A nan akwai abin da ke ruɗa yara. Matsin naitirojin yana bin zafin gari. In ka cika zuwa psi 500 da la'asar ana digiri 35, ka dawo da asuba ana digiri 20, za ka tarar allura ta sauka da wajen psi 25 ko da babu yoyo ko kaɗan. Don haka ka rubuta matsin da zafin da lokacin da ka cika, ka kwatanta a irin wannan lokacin washegari.

Sai maganar 30 da 500. Talatin ɗin nan inci ne, ma'aunin da ke jikin gejin oganka. Maikiron ma'auni ne na ragowar iskar da ke cikin fayif. Iskar da muke shaƙa a bakin teku maikiron 760,000 ce. Inci ɗaya a gejin oganka daidai yake da maikiron 25,400. Ka ga ke nan duk tazarar da ke tsakanin 25,000 da 500 tana cikin incin ƙarshe ne, inda kaurin allurar kansa ya kusa rufewa. Idonka zai ce an kai, alhali da sauran tafiya. Dalilin neman wannan zurfi shi ne ruwa. Injin bakiyum ba ya tsotse ruwa yana ruwa, sai ya mayar da shi tururi. Ka san ruwa na tafasa a digiri 100, amma in aka rage masa nauyin iska sai ya tafasa ba tare da wuta ba. A zafin digiri 30, sai matsi ya sauka ƙasa da wajen maikiron 32,000 sannan ruwan da ke cikin fayif zai fara tafasa ma. Wato a daidai inda oganka ke kashe inji, a nan ne busarwar ke farawa. Kwamfureson firij kuwa ba don wannan aka ƙera shi ba, ba zai kai ka 500 ba ko zai kwana yana aiki.

In Allah ya hore maka, ka sayi injin bakiyum mai hawa biyu da gejin maikiron na lantarki. Ka sa gejin kusa da na'urar, nesa da injin, in ba haka ba ƙarfin injin kake aunawa, ba bushewar fayif ba. Tiyo gajere mai faɗi ya fi dogo siriri sauri nesa ba kusa ba. In ka sauka ƙasa da 500, ka rufe bawul tsakanin inji da fayif, ka jira minti goma zuwa sha biyar kana kallo. In lambar ta ɗan hau ta tsaya kusa, ka gama. In ta hau sama da 1,000 sannan ta tsaya cak, da sauran danshi, ka ci gaba da zuƙa. In kuwa ta yi ta hawa ba tsayawa, yoyo ne, ka koma kan naitirojin. Ka riƙa sauya man injin, domin shi ma yana shan ruwa ya rage masa ƙarfi. Kuma a garin nan, ka tsaya kusa da bawul ɗinka. An taɓa ɗauke mana wuta muna tsakiyar bakiyum a wani gida a Gyaɗi-Gyaɗi, kafin a rufe bawul fayif ya janyo man injin cikinsa, sai da muka kwance komai muka wanke. Tun daga ranar, in ba a tayar da janareto ba, hannuna ba ya barin wurin.

Wannan ilimi zai ƙara yi maka amfani nan gaba. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa ana janye R22, ƙasashe irin namu an ba su zuwa 2030, gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 kuma ya shigo da su R410A cikin waɗanda za a rage. Kilo ɗaya na R410A in ya tsere sama yana ɗumama duniya kamar kilo 2,088 na hayaƙin kabon, na R32 kuma kamar 675. Mu da muke kuka da zafi, bai kamata a ce mu ne ke sakinsa da gangan ba. Shi R32 ɗin ma yana iya kama wuta, ko da yake ba da sauri ba, don haka sakinsa a rufaffen wuri kusa da mai walda ganganci ne.

TAMBAYA: Injiniya, naitirojin yana da wuyar samu a unguwarmu. Maƙwabcin shagona mai walda ne, yana da tukunyar oksijin. Zan iya ara in yi gwajin da ita? Daga wani mai gyara a Ɗorayi.

AMSA: Ɗan'uwa, don Allah kada ka kuskura, ko sau ɗaya. Oksijin mai matsi in ya haɗu da mai yana kama wuta da kansa ba tare da ashana ba, cikin AC kuwa da mai. Fashewa yake yi, kuma fuskarka ce mafi kusa. Iskar mai faci ma ba ta dace ba, cike take da danshi. Masu sayar wa 'yan walda iska su ne za ka tambaya inda ake cika naitirojin. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi tukunya ɗaya da regileta, tana daɗewa kafin ta ƙare.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ɗana ya saya wa mahaifiyata AC mai sanyi da zafi, saboda tana shan wahalar sanyin hunturu a ƙafafunta. Tun da ana ginin ɗakin aka binne fayif ɗin a bango, damina guda ta wuce a kansa bakinsa a buɗe. Mai ɗaurawa ya ce ba komai, zai hura shi kawai ya haɗa. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Rijiyar Zaki.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara wa Iya lafiya, ya saka wa yaron nan da alheri. Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya. Fayif ɗin da ya sha laimar Agusta bakinsa a buɗe ya tara danshi, ya tara ƙura da garin siminti, wani lokaci har zanzaro ya yi gini a ciki. Hurawa da baki ƙarin danshi ne.

Irin wannan na'ura tana da wani bawul da ke juya tafiyar gas. Da zafi ta kwashe zafin ɗaki ta kai waje, da hunturu kuma ta juya, ta tattaro ɗumin da ke cikin iskar waje ta shigo da shi. Shi ya sa ta fi hita sauƙin wuta sosai, domin ɗauko zafin take yi, ba ƙirƙirarsa ba. Amma in ta juya, babban fayif da mahaɗan cikin ɗaki, waɗanda a AC mai sanyi kaɗai ba sa ɗaukar matsi mai yawa, su ne za su ɗauki gas mai zafi da cikakken matsi. Mahaɗar da za ta yi shekara tana lallaɓawa a wata AC ɗin, a wannan daren farko na Disamba za ta saki.

Ki ce wa mai ɗaurawar ya fara busa fayif ɗin da naitirojin da ƙarfi, ya tara farin ƙyalle a ɗaya bakin ku ga abin da zai fito. In ruwa ne sosai ko laka, a haƙura da binnannen a ja sabo ta kan bango a rufe shi da kwalbati na roba, ya fi asarar kwamfureso sauƙi. In ƙura ce kawai, ya yanke bakunan da suka daɗe a waje, ya haɗa, ya matse da naitirojin ya bar shi ya kwana, tunda abin da ke cikin bango ba a iya shafa masa sabulu, geji ne kaɗai zai faɗi gaskiyarsa. Washegari ya yi bakiyum sau uku: ya zuƙe, ya saka ɗan naitirojin ya kwashi danshi, ya saki, ya sake zuƙewa, sai a na ukun ya sauka ƙasa da maikiron 500 ya ga ya tsaya. A auna tsawon fayif ɗin kuma, domin gas ɗin da ke zuwa a cikin na'ura yawanci na wajen mita 5 ne, in ya fi haka littafinta ya faɗi giram nawa za a ƙara a kowace mita.

Aikin kwana biyu ne, ki biya shi ladan kwana biyu, kuma ki sa yaron ya tsaya a wurin ya ɗauki hoton gejin da yamma, ya sake ɗauka washegari a daidai wannan lokacin. Kafin ya tafi a kunna ɓangaren zafin ma a gwada, ko da ana gumi, kada a jira sai hazo ya sauko. A gaishe mini da Iya.